Amyoyin Keziah Beddoes

Ran Juma'a da hantsi, kwana ɗaya bayan mun binne Keziah Beddoes, aka ɗaga murfin akwatin da ke gindin gadonta aka tarar Littafin ba ya nan. Ba a fasa kwado ba. Cokulan azurfa suna nan, barguna suna nan a ninke. Abu ɗaya aka ɗauke: babban Littafi Mai Tsarki na gidan, mai maɗaurin azurfa, wanda a shafukansa na farko aka rubuta haihuwa da aure da mutuwar duk wani Beddoes tun kaka bakwai.

Kafin rana ta kai tsaka, ƙauyen Ashwardine ya yi zaman shari'a a bakin famfo da ƙofar mashaya, ya yanke hukunci, ya tashi. Wa zai saci littafin Allah a gidan makoki? Ai sai wanda ba namu ba. Mutum ɗaya ne kuwa a garin ba namu ba: Tadek, sojan Polan ɗin nan da yaƙin duniya na biyu ya yar mana, ya ƙi komawa, ya auri Dorcas autar marigayiya.

Ni ne Enoch Tudge, mai bin sawu. Ban taɓa zama a bencin makaranta ba, ko sunana aka rubuta a ƙofa sai in wuce. Amma ƙasa, babu wanda ya karanta ta kamar ni tsakanin kogi da tsaunuka. Na je yaƙin Afirka ta Kudu na dawo. Na je na Faransa na dawo da guntun ƙarfe a cinya. Babbar murar shekarar 1918 ta ɗauke matata da 'ya'yana biyu, ta tsallake ni. Duk waɗanda suka yi mini dariyar rashin karatu, ni na riƙe igiya aka saukar da su rami. Yanzu shekarata tamanin da huɗu. Wadda ke rubuta mini wannan ta ce in rage cika baki. To, na rage. Abin da ya saura duk gaskiya ne, har da wajen da na yi kuskure.

Ina ƙofar bukkata ina feɗe zomo Dorcas ta iso. Shekarunta talatin da uku a lokacin, 'ya'ya mata uku, doguwa, mai baƙin gashi a gidan da kan kowa ja ne kamar bayan dila.

"Baba Enoch, ka ji abin da ake faɗa?"

"Kurma ne kaɗai bai ji ba, shi ma an yi masa nuni da hannu. Zauna."

Ba ta zauna ba. "Yaya Cyril ya ce zuwa Lahadi bayan an tashi coci. In Littafin bai hau tebur ba, zai kira ɗan sanda, mu kuma mu kwashe kayanmu daga gidansa."

Cyril shi ne wanta, shi ya gaji gona. Ƙaramin gidan da ke ƙarshen gonar nasa ne, Tadek na zaune ciki ne don yana kula masa da shanu.

"Ka san abin da ake yi wa baƙo in ya shiga hannun hukuma," ta ce. "Jirgi za a sa shi. Ba shi da kowa can, duk an kashe su. Kuma ka duba hankali, Baba: Inna da bakinta ta bar mini Littafin da amyoyin zumanta. Ran Lahadi za a rubuta mutuwarta a ciki a miƙo mini. Me zai sa mijina ya saci abin da zai shigo gidansa jibi?"

"Sun ce azurfar."

"Sun ce! Ni Dorcas ce, 'yar Jabez Beddoes, ɗan Amos, ɗan Silas, ɗan Amos na fari wanda ya dasa tuffan bakin rijiya. Rabin maƙabartar cocin nan dangina ne. Su wa za su ce?"

Na san wannan karatun nata. Da shi ta yi ta kare kanta tun ranar da ta auri baƙo. Duk matar da ta taɓe mata baki a kanti, sai ta jero mata kakanni har matar ta nemi ƙofa.

"Kin taɓa ganin cikin Littafin?"

"A'a. Inna ba ta buɗe shi gaban kowa. A bakinta na haddace."

"Kin gaya wa zuma?"

Ta dube ni kamar na zage ta. "Tun ran Litinin, kafin jikinta ya huce. Na buga kowace amya sau uku da mabuɗin ƙofa, na ce uwargidanku ta rasu, ni ce taku yanzu. Na ɗaura musu baƙin ƙyalle. Ka ɗauka ban san aikina ba?"

Tambayar ladabi ce kawai na yi. Kowa ya sani, in an yi rashi a gida sai jinin gidan ya je ya shaida wa zuma, in ba haka ba su yi fushi su tashi, ko su mutu a ciki. Na goge wuƙata na miƙe. Cinyata ta ce kada in je. Ba ta taɓa cewa in je ko'ina ba.

Na sami Tadek yana tatsa, kansa jingine da cikin saniya.

"An gan ka ran Alhamis da yamma ka fita gidan makoki da ƙunshi cikin kwat. Mene ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Na san naka ne. Mene ne?"

"Ni ba ɓarawo," ya ce da guntun Turancinsa, ya ci gaba da tatsa. Kunnuwansa sun yi ja.

Sai ga Cyril da bokiti. "A'a! An ɗauko mana mai kama zomo ya yi aikin ɗan sanda. Tsoho, ka iya bambance Littafi da bulo kuwa?"

"Na iya bambance ɗan Jabez da ɗan maraƙi, ko da yake yau da ƙyar. Yaushe ka ga Littafin da idonka?"

Ya haɗe rai. "Laraba da yamma, da na ɗauko likkafani. Yana ƙasan barguna."

"Mabuɗin akwatin fa?"

"A wuyan Inna yake. Da aka wanke ta aka ajiye kan allon murhu, gaban kowa."

Tunda bakin Tadek ya ƙi magana, na tambayi takalminsa. An yi ruwa daren Laraba, tun daga nan ba a sake ba, ƙasa ta riƙe komai. Dugadugansa na da ƙarfen soja, ko makaho zai bi shi. Sawun bai nufi titin birni ba, inda ake sayen azurfa. Ya bi bayan shinge, ya tsallake rafi, ya shiga maƙabarta. A kan sabon kabarin Keziah akwai 'yar kwalba da guntun kyandir a ciki, an dasa ta a ƙasa don kada iska ta kayar. Gwiwa biyu sun lotsa ƙasar gefe. Haka suke yi wa matattunsu a can. Ya ji kunyar a ce ya kawo tsafin ƙasarsu kan kabarin surukarsa, ya gwammace a kira shi ɓarawo. Mutane kan ba ni gajiya.

Da zan fita na bi ta arewacin coci, inda ake binne baƙi. Akwai wani kabari can marar dutse. Ni na samo masu shi. A watan Oktoba na shekarar mura, wata mace cikin 'yan ƙodagon da ke zuwa tsinkar tuffa ta ɓace daga gonar Preece da jaririyarta. Na bi sawunta har ɗakin ciyawar Jabez Beddoes, na tarar da ita a mace, jaririyar ma a mace a ƙirjinta. Rami ɗaya aka sa su. Ranar nan ma akwai sabbin furanni a kai, kamar kullum. Kowa ya san Maud ce ke kawowa, yayar su Dorcas, wadda ba ta yi aure ba, mai kaɗa molon coci. An ce tsoron Allah ne ya yi mata yawa. Na wuce.

Na biyu da na zarga shi ne Malam Lacon, shugaban makaranta. Shekara ashirin da biyar yana tara asalin gidajen garin a takardu, ba ya ganin tsohuwa sai ya tambaye ta sunan kakarta. Na same shi yana hura wa kekensa iska.

"Malam, ran Alhamis ana shan shayi da naman alade a ƙasa, ka ce za ka wanke hannu. A saman bene ake wanke hannu a gidan Beddoes?"

Famfon ya faɗi daga hannunsa. "Wa ya gaya maka?"

"Babu. Laka ce ta makarantarka a kan matakala, ja ce, babu irinta a wancan gefen gari." Ƙarya nake, ban ma hau matakalar ba tukuna. Fuskarsa na karanta.

"Tudge, don Allah. Shekara goma ina roƙon tsohuwar nan ta nuna mini shafin farko. Minti biyar nake so, in kwafa in mayar. Na ɗaga murfin, ban musa ba. A buɗe na same shi, kuma babu Littafi. Na rantse da kabarin uwata."

"Ƙarfe nawa?"

"Wajen uku."

Na duba sawun kekensa na ranar a bakin ƙofar gidan makoki. Yadda tayar ta nutse da zuwa, haka ta nutse da komawa. Littafin nan ya kai nauyin ɗan rago. Malam bai ɗauki komai ba sai kunya. Amma ya ba ni abu ɗaya: kafin ƙarfe uku Littafin ya riga ya tafi, Tadek kuwa tun safe yana gefen Cyril, kafaɗarsu ɗaya ƙarƙashin akwatin gawa.

Da la'asar na shiga gidan marigayiya ta ƙofar baya. Maud na guga a kicin, siririya kamar sandar shinge, shekara arba'in da biyar, duk ta yi su a gidan nan tana jinyar uwa.

"Ka goge ƙafarka, Baba Tudge."

"Ƙafata ta fi bakin garin nan tsabta. Ke kika kwana a gidan ran Laraba?"

"Ni da matan da suka zauna da gawa. Mu biyar. Je ka tambaye su."

"Kin yarda Tadek ne?"

Ta juya rigar ta danna ƙarfe. "Ban ce shi ba ne. Amma namiji ne, yana da ƙarfi, ya saba tashi daga wuri. Zai sami wani garin."

"Ƙanwarki da 'ya'yanta fa?"

"Su dawo nan. Akwai ɗakuna."

Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Na ɗauka baƙin ciki ne. Na zagaya gaban gida, na zagaya gefen rijiya, na duba kowace ƙofa da ke kai wa titi. Babu ƙafar da ta fita da kaya mai nauyi sai ta masu ɗaukar gawa. Na koma bukkata da ciwon cinya da tunani ɗaya: in abu bai fita ta gaba ba, bai fita ta gefe ba, to bai fita ba.

Asabar da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, na shiga lambun baya. A ƙarshensa amyoyin Keziah suke, guda shida a jere bisa katako, jikin shinge. Babu mai zuwa wajen a kwanakin makoki, ana barin su da baƙin cikinsu. Na cire hula na gaishe su, don ba a shiga musu ba sallama.

A lallausar ƙasar gabansu akwai sawu iri biyu. Na farko faffaɗa, ruwa ya wanke gefensa: Dorcas ke nan ran Litinin. Na biyu siriri, gefensa kaifi, an taka shi bayan ruwan Laraba. Da zuwa ya nutse sosai, taku gajere-gajere. Da komawa da ƙyar ya taɓa ƙasa. Na durƙusa bayan amya ta ƙarshe na zura hannu ƙarƙashin katako. Yana nan, a naɗe cikin ledar tebur, an yi masa matashi da busasshiyar ciyawa don kada damshi ya taɓa shi. Ɓarawo ba ya yi wa kayan sata shimfiɗa.

Da nan aikin ya tsaya da na ji daɗi. Amma siririn sawun bai juya daga nan ba. Ya tsaya gaban kowace amya, ɗaya bayan ɗaya, duka shidan. Na ɗaga kai. Kowace amya ƙyalle biyu ne a ɗaure. Ɗaya sabon yadin makoki, ya sha ruwa ya yamutse. Ɗayan a bushe, an yanko shi daga tsohuwar baƙar safa.

An gaya wa zuma sau biyu.

Na zauna a ciyawa. A duk ƙasar nan ba a maimaita wa zuma labarin mutuwa. Sau ɗaya ne, daga bakin jinin gida, shi ke nan. Babu abin da zai sa mace ta fito da sanyin safiya ranar jana'izar uwarta ta sake yi, sai in ta san a ranta cewa na farkon bai karɓu ba. Sai in ta san wadda ta yi na farkon ba jinin gidan ba ce.

Daga inda nake zaune ina hango rufin ɗakin ciyawa. Sai abin da idona ya gani shekara talatin da uku da suka wuce ya dawo mini tsaf. Matar na cikin tsumma, ƙafa ɗaya ba takalmi. Jaririyar kuwa na naɗe cikin farin mayafin ulu, saƙar hannu, ko ƙura babu. A bakin ƙofa akwai sawun takalmin namiji, ya shiga ya fita sau biyu. Na gani. Ni da nake cewa babu abin da ke wuce ni. Makon ne na binne 'ya'yana, na gaji da gawa, ban so in san komai ba. A shekarar nan kowa ya kulle ƙofarsa, an yi wata uku ba wanda ya leƙa jaririn wani.

Na buɗe Littafin na kalli baƙaƙen layuka kamar sawun tsuntsu a kan dusar ƙanƙara. Wannan karon kaɗai a rayuwata na so da na iya karatu, don in san ko abin yana ciki. Na mayar da shi inda yake. In na bar shi nan, an kori Tadek. In na fito da shi, Dorcas za ta karanta. Ko mijinta ko kakanninta. Na kwana biyu a ramin yaƙi da gawar abokina, bai kai wannan Asabar ɗin tsawo ba.

Ran Lahadi bayan coci muka taru a kicin ɗin Keziah. Cyril na tsaye da hularsa a hannu, a shirye ya tafi gidan waya kiran ɗan sanda. Tadek na bakin ƙofa, Dorcas na gefensa. Maud na zaune, hannuwa a cinya. Na sa an kira Malam Lacon. Rabin gari kuma na bakin taga suna yi kamar furanni suka zo kallo.

"To, mai zomo," in ji Cyril. "Tebur dai ga shi, babu komai a kai."

"Kyandir Tadek ya ɓoye, ya kai wa uwarku kabari. Je ka gani, kwalbar na nan. Kai ko fure ba ka kai ba. Malam kuma ya leƙa akwati ya tarar an riga shi." Malam ya sunkuyar da kai. "Kafin in ci gaba, akwai mai abin faɗa? Na fi son ya fito daga wani bakin ba nawa ba."

Na juya wajen Dorcas.

"Dorcas, sau nawa kika gaya wa zuma?"

"Sau ɗaya mana."

"Ƙyalle nawa kika ɗaura?"

"Ɗaya-ɗaya. Baba, wace irin tambaya ce wannan?"

"Biyu-biyu ne a kai. An koma ran Alhamis da safe an sake gaya musu. Wadda ta koma ɗin ta tafi da kaya mai nauyi, ta dawo ba shi." Na juya. "Maud, kin iya yi wa limamin coci shiru, kin iya yi mini, kin iya barin mutumin nan ya shiga jirgi. Zuma ne kawai kika kasa."

Maud ta ce, a hankali, "Da sun tashi. Zuman Inna ne, tun na kakarta. Da sun tashi."

"Don me za su tashi?" in ji Dorcas. "Ai na gaya musu. Yaya Maud? Na gaya musu!"

Na fita na ɗauko Littafin na aza kan tebur. Maud ta ɗora tafin hannunta a kai.

"Kada ki buɗe, Dorcas. Ga shi an samu, mijinki ya fita. Ki ba ni in ajiye. Sau biyu na kai shi bakin murhu hannuna ya ƙi. Inna ta ce za ta gaya miki, kullum gobe, kullum gobe, har bakinta ya rufe. Ki raba ni da wannan, ƙanwata, kada ki buɗe."

"Cire hannunki, Yaya."

Malam ya matso zai taimaka. "Na iya karatu, Malam," ta ce, "kai ka koya mini." Ta buɗe maɗaurin, ta bi sunayen da yatsa tana motsa baki, Amos, Silas, Amos, Jabez. Sai yatsan ya tsaya. Ta karanta da ƙarfi, da muryar da ba tata ba.

"Dorcas, 'yar Jabez da Keziah. An haife ta sha tara ga Satumba, 1918. Ta rasu sha ɗaya ga Oktoba, 1918." Ta ci gaba. "A ranar nan muka sami wata a ɗakin ciyawa, tana kuka a ƙirjin uwarta. Uwar ta ce ita sunanta Nance, ba ta ƙara magana ba. Mun ba ta tamu, mun karɓi tata. Allah Ya yi mana hukunci da sauƙi."

"Ni na riƙe wa Baba fitila," in ji Maud. "Shekarata goma sha biyu. Ni na saƙa mayafin."

Cyril ya buɗe baki. "To ashe ke ba ma..."

"Rufe mana baki, Cyril!" Ban taɓa jin Maud ta ɗaga murya ba sai ranar. "Nono ɗaya kuka sha. Duba ƙasan shafin ka ga abin da Inna ta rubuta da hannunta."

Dorcas ta duba, sai ga sunayen 'ya'yanta uku. "Jikokina," ta karanta. "Ruth. Halina. Keziah ƙarama."

Cyril ya juya hularsa sau biyu, ya dubi Tadek, ya ce da bango, "Shanu dai ba su san Lahadi ba. Ƙarfe huɗu ake tatsa." Iyakar haƙurin da ya iya bayarwa ke nan, Tadek kuma ya karɓa. Na bakin taga suka watse da sauri, kowa na son ya riga wani kai labari.

Dorcas ta rufe Littafin. Kaka bakwai ta shigo da su kicin ɗin nan, yanzu sai suna ɗaya, shi ma ba na mahaifi. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni.

"Kai ka same ta, Baba Enoch. Wace ce?"

"Ban san garinsu ba, ban san ubanta ba. Abin da ƙasa ta gaya mini kaɗai na sani."

"Faɗa."

"Daga gonar Preece zuwa nan mil biyu ne. Ta yi su da zazzaɓi, da ke a hannu. Takalminta ɗaya ya maƙale a lakar rafi, ba ta tsaya cirowa ba. Sau goma sha ɗaya ta faɗi, na ƙirga. Kowane faɗi a kan gwiwa da kafaɗar hagu, ba ta taɓa dafa ƙasa da hannun dama ba, don kina ciki. Ta wuce gida uku ba ta karkata ba. Na yi shekaru ina mamakin dalili. Gidan nan ne kaɗai ake shanya kayan jariri a igiya, ana hango su tun daga kan tudu. Ba ɓata ta yi ba, Dorcas. Nono ta nemo miki. Na bi sawun sojoji, na bi na dila, ban taɓa bin ƙafar da ta fi wannan taurin kai ba. Kin gado ta, kowa a kantin garin nan zai shaida."

Sai a nan ta zauna. Tadek ya zo ya tsaya bayanta ya dafa kujerar.

"Ke kuma Maud," na ce, "kin ɓata safarki a banza. Litinin ta gaya musu. Alhamis kika koma. Kwana uku ba su da maganar kowa sai tata. Sun tashi?"

Maud ta dube ni. "Ba su tashi ba," ta ce.

Dorcas ta jawo tawada ta rubuta mutuwar Keziah da hannunta, ta rubuta Nance a gefen shafi. Ta ɗauki mabuɗin ƙofa daga ƙusa, ta ce, "Taso, Yaya. Akwai wata mutuwar da ba a taɓa gaya wa zuma ba, ta jaririyar Inna." Suka fita lambu su biyu. Ban bi su ba, cinyata ta gama aikinta na ranar.

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Dorcas ce zaune gabana tana rubuta wannan, za ta manna shi a bayan Littafin, wai kada in mutu da shi. Ni ban ga alamar mutuwa ba, amma na bar ta. An sa dutse a kabarin arewacin coci, suna biyu a kai, Nance da jaririya Dorcas. Har yanzu in mace ta taɓe mata baki a kanti sai ta jero Amos da Silas, ta ƙare da matar da ta faɗi sau goma sha ɗaya.

Maud ta rasu bara da kaka, Dorcas ce ta gaya wa zuma. Washegari na lallaba da sandata har ƙarshen lambu, don ni ba na yarda da abin da ban gani ba. Amya shida, ƙyalle ɗaya-ɗaya, zuma na ta shiga da fita.